Wa Za A Fara Dubawa? Ƙirƙirarriyar Basira A Ƙofar Ɗakin Gaggawa

Jawabin da aka gabatar a zaman reshe na ƙarshen zango



An nemi mu yi magana yau a kan wani al'amari da za a iya cewa na ma'aikatan asibiti ne, wato na'urorin ƙirƙirarriyar basira da aka fara ɗora wa aikin taimaka wa ma'aikatan jinya su tantance marasa lafiya a ɗakin ba da agajin gaggawa. Mai tambaya zai ce ina ruwan mai alli da aikin mai allura. Amsar ba ta da nisa. Da wuya a sami malamin firamare a birnin Katsina wanda ya shekara goma a aji bai taɓa saɓa ɗan wani a kafaɗa ba, ya tare mai Keke Napep, ya nufi Babban Asibiti, ko asibitin Turai, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da har yanzu bakinmu ya fi sabawa da kiransa Medikal. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wannan ƙofa da yaro a hannu ya san tambayar da ke cin zuciyar kowa a wurin: a cikin mutanen nan, wa za a fara dubawa?

Wannan tambaya tsohuwa ce, kuma fagen yaƙi ne ya haife ta. Wani likitan sojan Faransa a zamanin Napoliyon, mai suna Dominique Jean Larrey, shi ne ya shahara da ƙa'idar cewa wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara yi wa magani, ko hafsa ne ko kurtu. Daga nan asibitocin duniya suka gaji dabarar. A Ingila, tsarin da aka tsara a birnin Manchesta cikin shekarun 1990 ya kasa marasa lafiya gida biyar, kowane gida da launinsa da wa'adinsa: mai ja a duba shi nan take, mai ruwan lemo cikin minti 10, mai ruwan ɗorawa cikin awa ɗaya, mai kore cikin awa biyu, mai shuɗi yana iya jiran awa huɗu. Amurka na da nata mai hawa biyar, Afirka ta Kudu ma ta tsara nata. A ko'ina, nauyin yanke wannan hukunci yana wuyan ma'aikaciyar jinya ko ma'aikacin jinyar da ke zaune a teburin farko. Tana da minti biyu ko uku ta kalli mutum, ta saurari kokensa, ta auna zafin jikinsa da bugun zuciyarsa da numfashinsa, ta ce wannan ya shiga, wancan ya zauna a benci. Idan ta ɗaga wanda bai kai ba, ta cinye gadon wani. Idan ta zaunar da wanda ya kamata ya shiga, sai a wayi gari ana karɓar gaisuwa a gidansu.

Kafin mu kai ga na'ura, ya kamata mu san abin da wannan tantancewa take iya yi ko babu wutar lantarki. A babban asibitin Sarauniya Elizabet da ke Balantaya a ƙasar Malawi, an horar da ma'aikata su riƙa bin layin yara suna zaƙulo masu alamun haɗari tun daga bakin ƙofa, aka kuma gyara tsarin karɓar marasa lafiya. Rahoton da aka buga a 2006 ya nuna mace-macen yaran da aka kwantar ya sauko daga tsakanin 10 zuwa 18 cikin ɗari, ya koma tsakanin 6 zuwa 8. Daga irin wannan aiki ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin horonta na tantance yara a halin gaggawa, wanda ake koyarwa a ƙasashen Afirka da dama. Horo ne da ido da tsari suka yi wannan, tun ba a fara zancen manhaja ba.

To, mene ne ƙirƙirarriyar basira ta zo ta ƙara?

A sauƙaƙe, ana ɗauko bayanan marasa lafiyan da suka taɓa zuwa wani asibiti, dubu bisa dubu, a zuba wa kwamfuta: shekarun kowa, abin da ya ce yana damunsa, awon da aka yi masa, cututtukan da yake da su tun da, sannan abin da ya faru da shi daga baya, ko an sallame shi, ko an kwantar, ko an shiga da shi tiyata, ko ya rasu. Kwamfutar sai ta yi ta laluben alaƙa tsakanin farkon labari da ƙarshensa. Idan sabon mara lafiya ya zo aka shigar da awonsa, cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ta ce masu irin wannan siffa kaza daga cikinsu sun ƙare a ɗakin kulawa ta musamman, don haka a sa shi a hawa na biyu. Mu malamai mun san kwatankwacin wannan. Tsohon malamin da ya koyar da aji ɗaya shekara ashirin yakan kalli yadda yaro ya riƙe fensir a makon farko ya san wanda zai sha wuya da karatu. Bambancin shi ne na'urar ta ga yara fiye da yadda kowane malami zai gani a rayuwarsa, amma ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

A asibitin Johns Hopkins na Amurka, wani masani mai suna Scott Levin da abokan aikinsa sun gina irin wannan manhaja, suka buga sakamakon gwajinta a 2018 bisa bayanan zuwan marasa lafiya fiye da 170,000. Matsalar da suka so warwarewa ita ce, a tsarin Amurka mai hawa biyar, kusan rabin mutane ana jibge su ne a hawa na uku, inda mai ciwon da zai iya jira yake zaune kafaɗa da kafaɗa da wanda jikinsa ke gab da rikicewa. Manhajar, wadda daga baya aka sa wa suna TriageGO, tana taimakawa a raba wannan taro. Shawara take bayarwa, ma'aikaciyar jinya na da ikon ta karɓa ko ta ƙi. Akwai wata mai suna KATE, wadda wani bincike na 2021 ya ce ta dace da hawan da ya kamata a kusan 76 cikin ɗari, ma'aikatan jinya kuwa a kusan 60. Sai dai a cikin waɗanda suka rubuta binciken akwai ma'aikatan kamfanin da ke sayar da ita, kuma duk wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya san yadda ake sauraron mai kaya in yana yabon kayansa.

Ba ma musun amfanin abin. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwana tsaye, ta duba mutum na tamanin da asuba, idonta ba zai yi kaifin da ya yi a kan mutum na farko ba. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta san ɗan masu gari ba, ba ta jin tsoron mai babbar riga da ke ɗaga murya a bakin tebur. A wurin da sanayya ke iya tsallakar da mutum layi, wannan kaɗai abin so ne.

Amma akwai ɗaya fuskar. Wani babban kamfanin adana bayanan asibiti a Amurka, Epic, ya sa wa ɗaruruwan asibitoci manhajar da ke gargaɗi idan ƙwayoyin cuta sun fara bazuwa a jinin mara lafiya. Da masana na Jami'ar Mishigan suka gwada ta da kansu, suka buga sakamako a 2021, sai aka ga ta kasa gano kashi biyu cikin uku na masu wannan ciwo, alhali kuwa ta buga ƙararrawa a kan 18 cikin ɗari na dukkan waɗanda aka kwantar. Ku auna wannan da aji. Idan a kowace safiya yara ashirin suka ɗaga hannu suka ce Malam ciki na ciwo, kafin mako ya ƙare kunnen malami ya toshe, ranar da mai ciwon gaske zai ɗaga hannu ba za a waiwaye shi ba. Haka ma'aikatan jinya suke yi da na'urar da ta cika kuka.

Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, na'ura tana gadon halin rajistar da aka koya mata karatu da ita. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Ziad Obermeyer da abokansa a kan wata manhaja da ake amfani da ita wajen zaɓen waɗanda za a ba ƙarin kulawa a Amurka. An gina ta a kan kuɗin da aka kashe wa mutum a asibiti, a matsayin ma'aunin tsananin ciwonsa. Da yake baƙaƙen fata ba su samun zuwa asibiti kamar farare, kuɗin da aka kashe musu bai kai ba, sai manhajar ta ɗauka sun fi lafiya, ta tura su baya. Ba wanda ya zauna ya koya mata wariya, a cikin lissafin ta tsince ta. Ko 'yar na'urar nan da ake maƙala wa mutum a yatsa don auna iskar da ke jininsa, wadda muka saba gani tun zamanin korona, binciken da aka buga a 2020 ya nuna takan ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda take yi a jikin farar fata. Da irin wannan awo ake ciyar da manhajar tantancewa. In aka zuba mata gurɓataccen awo, gurɓataccen hukunci za ta fitar, kuma za ta fitar da shi da cikakkiyar natsuwa.

Yanzu mu dawo gida. A ce gobe an sayo ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji an girka a wani asibiti a nan Katsina. Da wane ilimi za ta zo? Ta yi karatunta a kan tsofaffi masu ciwon zuciya da masu shanyewar ɓarin jiki a biranen Amurka. Layinmu kuwa daban yake. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ne ke cika benci, yara suna zuwa jini ya ƙare, tafin hannu fari fat. Da bazara sanƙarau ne. A 2023 mun ga yadda mashaƙo ya ratsa Kano da maƙwabtanta har da mu. Ga masu sikila da ciwo ke tasar wa cikin dare, ga mai naƙudar da ta fara jijjiga, ga wanda aka ɗauko daga ƙauye da raunin harsashi. Yaron da tamowa ta cinye yana iya ɗauke da mummunar cuta jikinsa bai yi zafi ba, har ma ya yi sanyi. Manhajar da ta koyi cewa zafin jiki shi ne babbar alama za ta iya ba wannan yaro kore ta ce ya jira.

Sannan ga harshe, wanda shi ne fagenmu. Waɗannan manhajoji suna karanta koken mara lafiya ne kamar yadda aka rubuta shi da Turanci. Uwa a nan ba za ta zo da sunan cuta na littafi ba. Za ta ce shawara ce, ko ta ce haƙori yake yi, ko ta ce iska ta taɓa shi. Dattijo zai ce basir ne ko sanyi ne, kalmomi biyu da ke ɗauke da cututtuka goma. Matashiyar da jini ke zubar mata, in ta ga namiji a tebur, za ta sunkuyar da kai ta ce ciwon ciki ne kawai. Ma'aikaciyar jinyar da ta tashi a Ƙofar Marusa ko Rafindaɗi ta san abin da ke bayan kowace kalma, ta san lokacin da shiru ya fi magana nauyi. Gaskiya ne an fara ƙoƙarin koya wa kwamfuta harsunanmu, domin a 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wata manhajar harshe mai suna N-ATLAS da ta haɗa da Hausa. Amma jin Hausa daban, jin Hausar mai ciwo daban, kuma wannan ta biyun sai an tattara ta daga bakin mutanenmu a asibitocinmu, a rubuta ta da kyau. A inda har yanzu kati da fayil ne ke riƙe da yawancin tarihin mara lafiya, aikin farko shi ne gyaran rajista.

Kada a ɗauka muna cewa fasaha ba ta da wuri a Arewa. Ta riga ta shigo, kuma inda ta yi amfani akwai darasi a ciki. A jihar Adamawa, tun 2016, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya da wata cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Suwizalan sun haɗa kai da hukumar lafiya matakin farko ta jihar, suka raba wa ma'aikata kwamfutocin hannu masu manhajar ALMANACH. Ita wannan ba ta koyon komai da kanta, ƙa'idojin duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka jera mata, tana bin ma'aikaci tambaya bayan tambaya don kada ya tsallake alamar haɗari. A Kano kuma an zaga unguwanni da motar ɗaukar hoton ƙirji mai manhajar da ke karanta hoton ta ware waɗanda ya kamata a gwada majinarsu don neman tarin fuka, dabarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021 ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Dukansu biyu aiki ɗaya ƙwaƙƙwara aka ba su, an daidaita su da cutar da ke wurin, kuma mutum ne ke yanke hukuncin ƙarshe.

Mafi arhar kayan tantancewa a garin nan kuwa wani ɗan zare ne na roba mai launi uku da ake naɗa wa yaro a damtse. In ya nuna ƙasa da milimita 115, ja ke nan, tamowa ta yi tsanani. Da shi ake aiki a cibiyoyin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa a jihar nan tun 2021, har da ta Ƙofar Sauri. Ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa a wata shida na farkon 2025 yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina, ta kuma danganta hakan da rashin samun kulawa a kan lokaci. Mu tsaya a kan wannan kalma ta lokaci. Manhajar da ta fi kowace ƙwarewa a duniya tana jera waɗanda suka iso ƙofa ne. Ba ta da abin da za ta yi wa yaron da ya kwana uku a ɗaki ana jiƙa masa saiwa, ko wanda kuɗin mota ya hana a kawo shi daga Batsari ko Jibiya.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa a matsayinmu na 'yan ƙungiya. A farkon 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ya ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi, kuma ƙarancin ma'aikata na cikin kokensu. A irin wannan hali, akwai haɗarin wani mai tsara kasafi ya ga na'ura ya ce an huta da ɗaukar sababbin ma'aikata. Mun san wannan waƙa, domin an sha rera mana ita da sunan koyarwa ta rediyo da ta kwamfuta alhali aji na da yara ɗari. Manhaja ba ta ɗaura ruwa, ba ta juya mara lafiya, kuma ko awon da take ci da shi sai hannun mutum ya ɗauka. Idan za a kawo ta, a fara gwada ta a kan marasa lafiyanmu, a bayyana sakamakon, a bar wa ma'aikaciyar jinya ikon saɓa mata ba tare da an tuhume ta ba, a kuma faɗi tun farko wanda zai amsa tambaya ranar da ta yi kuskure. Bayanan ciwon mutane ma amana ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta sa na lafiya cikin waɗanda ke buƙatar tsaro na musamman.

Saura namu. Daga ƙarfe takwas zuwa tashi, teburin tantancewa na farko ga ɗaruruwan yara shi ne teburin malami. Mu ne ke yanke hukunci ko yaro ya kifa kai a benci ya huta, ko a aika gida a kira uwarsa, ko a bar darasi a ruga asibiti. Yawancinmu mun fito daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta nan ko ta Isa Kaita da ke Dutsinma da ilimin tsara darasi, amma wannan hukunci da ka muke yanke shi. Alamun da ma'aikatan lafiya ke nema ba su fi ƙarfin malami ba. Yaron da numfashi ke yi masa wuya har ƙirjinsa na lotsawa, wanda ya suma ko yake ta barcin da ba a iya tashinsa, wanda ke amayar da duk abin da ya sha, wanda wuyansa ya sanƙare ga zazzaɓi, wanda hannuwansa suka yi sanyi idanu suka faɗa bayan gudawa, wanda ke jijjiga, duk waɗannan ba a jira da su a tashi makaranta. Mai jijjiga a kwantar da shi a gefensa, a kawar da benci daga kusa da shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa, a kuma duba agogo, domin tsawon lokacin da ta ɗauka na cikin abin da za a fara tambaya a asibiti.

Wannan duba agogo shi ne inda aikinmu ke haɗuwa da na ma'aikaciyar jinya, da na kowace manhaja da za a kawo nan gaba. Malamin da ya isa ƙofa ya ce yaron ɗan shekara takwas ne, yana da sikila, zazzaɓi ya fara ƙarfe tara, ya yi amai sau uku, an ba shi farasitamol ƙarfe goma, ya rage mata rabin aiki. Wanda ya ce kawai ba shi da lafiya ya bar ta da lalube. Mu riƙe kuma cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili. A faɗe ta cikin ladabi in buƙata ta taso, domin wadda ke teburin nan ita ma ma'aikaciya ce irinmu, mai jiran albashi irin namu.

Saboda haka muna roƙon shugabannin reshe su rubuta wa reshen ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma na jiha, a nemi su ba mu mutum biyu ko uku su horar da malami ɗaya daga kowace makaranta, yini guda, kafin damina ta kankama. Muna roƙon shugabannin makarantu su zauna da kwamitocin iyaye a sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye a ofis, a kuma buɗe shafi a bayan rajistar kowane aji a rubuta masu sikila da masu asma da masu farfaɗiya, tare da lambar wayar wanda za a kira, shafin ya zauna a hannun malamin aji da shugaban makaranta kaɗai. Mun tsara samfurin 'yar takardar da malami zai cike ya tafi da ita asibiti, layi shida ce, mun miƙa wa sakatare domin a duba ta a zama mai zuwa.